Idan Likitan Haƙori Ya Tambaye Ka Katin Rigakafi



Sharhinmu na yau zai faro ne daga ƙasar Amurka, daga wata jiha da ake kira Oregon, can yammacin ƙasar a bakin teku. A watan Mayun 2019 gwamnar jihar ta wancan lokaci, Kate Brown, ta rattaba hannu kan wata doka da ta ba likitocin haƙori izinin yi wa mutane allurar rigakafi. Kowace irin allurar rigakafi, kuma ga kowa, yaro ko babba. Ita ce jiha ta farko a Amurka da ta ba da izinin gaba ɗaya haka. Kafin ita, jihohin Minnesota da Illinois sun taɓa maganar, amma iyakar abin da suka yarda likitan haƙori ya yi shi ne allurar mura, ita ma ga manya kaɗai.

Dokar ba ta ce kowane likitan haƙori ya wayi gari ya ɗauki sirinji ba. Sai ya yi kwas na musamman, ya koyi yadda ake adana magungunan, ya kuma ɗauki nauyin shigar da kowace allura da ya yi cikin rajistar rigakafi ta jihar.

Ba a cika shekara guda da sa hannu ba sai ga korona. A Disambar 2020, da allurar korona ta fara isa asibitin jami'ar kiwon lafiya ta Oregon da ke birnin Portland, cikin waɗanda suka fara yi wa ma'aikata allurar har da likitan haƙori. A Maris ɗin 2021 kuma gwamnatin tarayyar Amurka ta ba likitocin haƙori na duk ƙasar izinin yin allurar korona, tare da ungozomomi da likitocin ido da likitocin dabbobi, saboda hannayen da ake da su sun yi kaɗan. A Birtaniya ma likitocin haƙori sun shiga sahun masu yi wa jama'a allura. Wancan izini na gwamnatin Amurka na gaggawa ne. Da annoba ta lafa, magana ta koma hannun jihohi, kowace da dokarta.

To, doka ta ba da izini. Jama'a fa, sun ba da nasu? Nan ne nake so mu tsaya yau, domin hukuma tana iya ba mutum lasisi, amma uwa ce za ta miƙa dantsen ɗanta ko ta janye shi.

Bari mu fara da hujjar masu goyon baya, don hujja ce mai ƙarfi. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa mutum kimanin miliyan 27 ne a ƙasar ke zuwa wajen likitan haƙori a shekara ba tare da sun ga wani likita ba. Wato akwai jama'a masu ɗimbin yawa waɗanda kujerar likitan haƙori ita ce kaɗai inda suke haɗuwa da ma'aikacin lafiya daga farkon shekara har ƙarshenta. Idan ba a yi musu maganar rigakafi a nan ba, a ina za a yi musu?

Sai batun iya allura. Duk wanda aka taɓa cire wa haƙorin matauni na ƙasa ya san irin allurar da ake yi kafin a fara aiki. Likita zai sa babban yatsansa cikin bakinka ya lalubo gefen ƙashin muƙamuƙi. Sai ya shigar da doguwar allura siririya can ƙurya, bayan haƙori na ƙarshe, ta nutse wajen santimita 2 ko fiye har ta taɓa ƙashi. Sai ya ɗan ja baya, ya zuƙo kaɗan ya duba ko jini ya biyo, gudun kada ya zuba maganin cikin jijiyar jini. Jijiyar jin zafi da yake nema ya kashe ba ya ganinta da ido, hannunsa ne da iliminsa ke kai shi wurin, ga harshe yana motsi, ga yawu, ga mai ciwo yana rawar jiki don tsoro. Yana yin wannan sau da yawa kowace rana. Mutumin da ya iya wannan, allurar dantse ba za ta gagare shi ba. Kuma a ɗakin aikinsa dole akwai maganin gaggawa na wanda jikinsa ya ƙi magani nan take, domin allurar kashe zafi ma tana iya jawo hakan.

Hujja ta uku ita ce ta fi taɓa likitocin haƙori a zuciya. Akwai ƙwayar cutar da ake kira HPV. Mu a nan mun fi saninta da sankarar bakin mahaifa. Amma ita ɗin ce kuma ke haddasa sankarar maƙogwaro, wadda ke kama gindin harshe da bayan baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara a ƙasar daga HPV suke, kuma yanzu masu kamuwa da ita a can sun zarce masu sankarar bakin mahaifa yawa. Akasarinsu maza ne. Abin baƙin cikin shi ne, ita bakin mahaifa akwai gwajin da ake yi wa mace a gano matsala tun kafin ta zama sankara, amma maƙogwaro babu irin wannan gwaji. Sau da yawa mutum ba ya farga sai ya ji wani ƙullutu a gefen wuyansa wanda ba ya ciwo kuma ba ya tafiya. Likitan haƙori, wanda aikinsa ne leƙa baki da lalube ƙarƙashin haɓa, yana cikin waɗanda ke fara cin karo da shi. Allurar rigakafin wannan ƙwayar cuta ta fito tun 2006, kuma a Yunin 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a hukumance cewa ana iya bayar da ita don kariya daga sankarar maƙogwaro. Saboda haka idan likitan haƙori ya ce wannan allura ta shafe shi, gaskiya ya faɗa. Shi ke ganin ɓarnar.

Duk da haka, ga abin da iyaye suka ce. A wani bincike da aka wallafa a mujallar Vaccine a 2018, an tambayi iyaye sama da 1,200 daga sassan Amurka, masu 'ya'ya 'yan shekara 11 zuwa 17, ko hankalinsu zai kwanta likitan haƙori ya yi wa ɗansu ko 'yarsu allurar HPV. Kashi 23 cikin 100 ne kawai suka ce e. Ko ɗaya cikin huɗu bai cika ba.

Wani zai ji wannan adadi ya ce jahilci ne. Ni ban yarda ba. Ku saurari dalilan da suka bayar. Kusan kashi 60 cikin 100 cewa suka yi sun fi so likitan yara da suka saba da shi ya yi allurar, kuma shi ya ci gaba da riƙe lissafin alluran yaron. Wasu kusan kashi 30 suka ce tsoronsu inshora ba za ta biya ba. Mafi yawansu ba hannun likitan haƙori suke zargi ba. Abin da suke tambaya shi ne, wa zai riƙe littafi?

Kuma tambaya ce ta mai hankali. Rigakafin yaro ba allura ɗaya ba ce da za a soka a wuce. Jeri ne, wannan a wata kaza, waccan bayan mako kaza, wata sai an maimaita. Abin kamar adashi ne, kowa na iya zuba kuɗi, amma idan babu uwar adashi guda da ta san wa ya zuba da wanda bai zuba ba, rigima na nan tafe. Uwar da ta ce tana so mutum ɗaya ya san tarihin ɗanta daga haihuwa, wanda zai tuna cewa a bara jikinsa ya yi zafi bayan allura, wanda za ta kira da dare in wani abu ya faru, wannan uwa ba ta ƙi rigakafi ba. Tsari take nema. Shi ya sa na ga sharaɗin nan na dokar Oregon, na shigar da kowace allura cikin rajistar jiha, ya fi izinin kansa muhimmanci. Idan likitan yara zai buɗe kwamfutarsa ya ga abin da likitan haƙori ya yi jiya, an amsa wa iyaye rabin damuwarsu.

Sauran rabin kuwa tarihi ne ya haifar da shi. A shekarar 1840 aka buɗe kwalejin koyon aikin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimore, tana cin gashin kanta, ba a ƙarƙashin makarantar likitoci ba. Tun daga nan hanya ta rabu biyu a Amurka. Makaranta daban, lasisi daban, fayil ɗin majiyyaci daban, har inshorar haƙori daban take da inshorar lafiya. Mutumin da ya tashi a cikin wannan tsari dole ya ɗauka baki wani yanki ne da ba shi da alaƙa da sauran jiki. Don haka idan mai gyaran haƙorinsa ya kawo masa maganar allurar rigakafi, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne, me ya haɗa ka da wannan? Kowa ya tsaya a fanninsa. Su kansu likitocin haƙorin, ko a inda doka ta ba su dama, da yawa ba su ɗauka ba. Sai ka sayi firji na musamman da zai riƙe sanyi tsakanin digiri 2 da 8 dare da rana, ka sayi maganin da kuɗinka, wanda in ya wuce wa'adi asara ce, sannan ka shiga kokawa da kamfanin inshorar da bai saba biyan ka wannan aiki ba.

Shin ra'ayin jama'a na iya sauyawa? Yana iya, kuma an gani a ƙasar. Akwai lokacin da Ba'amurke zai yi mamaki in aka ce masa ya je kantin magani a yi masa allura. A tsakiyar shekarun 1990 ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta fara horar da 'ya'yanta, jiha bayan jiha na gyara doka, zuwa 2009 duk jihohi 50 sun amince. Da korona ta zo, kantunan magani na cikin wuraren da aka fi yin allurar a ƙasar. Abin ya ɗauki shekaru fiye da goma. Sabo ne ya kawo shi, da ganin cewa maƙwabci ya je an yi masa ya dawo lafiya.

Amma akwai wani abu da ke maimaita kansa a binciken da aka yi ta yi a kan wannan batu, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauko maganar. Iyaye sun fi sakin jiki likitan haƙori ya yi musu bayanin rigakafi fiye da ya yi allurar da hannunsa. Kunnensu a buɗe yake ga maganarsa tun kafin su yarda da sirinjinsa. Ni kuwa a ganina maganar ce ta fi tsada. Wurin yin allura ba shi da wuyar samu a Amurka. Abin da ke wuya shi ne mutumin da ka yarda da shi, wanda zai dube ka ido da ido ya ce, a yi wa yaron nan, ni ma na yi wa nawa. Masu nazarin rigakafi sun daɗe da gano cewa shawara kai-tsaye daga ma'aikacin lafiya na cikin manyan abubuwan da ke sa iyaye su amince. A ƙasar da ta ayyana kawar da ƙyanda a 2000, sannan a 2025 ƙyanda ta dawo ta kashe yara biyu a jihar Texas waɗanda ba a yi musu rigakafi ba, kowane baki da zai faɗi gaskiya ana bukatarsa.

Sai dai likitocin haƙorin da kansu suna jin nauyin maganar HPV, domin ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar. Yaya za ka dubi uwar yarinya 'yar shekara 11 da ta zo gyaran haƙori ka buɗe wannan babi? Wannan kunya mun san ta, ta ma fi ƙarfi a wajenmu. Amsar da masana suka ba su, wadda ni ma na gamsu da ita, ita ce su fara daga inda ya dace, wato daga sankara. Allura ce da ke hana sankara. Ana yin ta da wuri ne saboda jikin yaro ya fi karɓarta da kyau, kuma kariya tana aiki ne idan ta riga cutar isowa. Wannan ba ɓoye gaskiya ba ne. Wanda ya nemi ƙarin bayani a yi masa dalla-dalla cikin mutunci.

Yanzu jama'a, wani mai sauraro a Gusau ko Maraɗi zai ce, Malam, wannan duk zancen Amurka ne, mu ina ruwanmu? Ina roƙon ka ba ni aron kunnenka, domin alaƙar baki da rigakafi ta fi bayyana a ƙasarmu fiye da tasu.

Ƙyanda, tun kafin ƙuraje su feso a jiki da kwana ɗaya ko biyu, takan fitar da wasu ƙananan fararen ɗigo a cikin kumatu, daura da matauni. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023, a maƙogwaro yake shimfiɗa wata fata mai launin toka da ke toshe numfashi, wuya ya kumbura. Sarƙewar haƙora, muƙamuƙi take fara riƙewa. Duk waɗannan akwai allurarsu, kyauta, a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Allurar nan mai haɗe da kariya 5 da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14, cikin abin da take tarewa akwai mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta. Ta ƙyanda kuma a wata 9, a maimaita a wata 15.

Sai kuma cutar da ko ambatonta ba na so, amma dole. Ita ce wadda likitoci ke kira noma. Yaro ne ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda abinci bai wadace shi ba. Ƙyanda ta kwantar da shi, ya tashi da ƙyar, jiki duk ya saki. Bayan 'yan kwanaki uwa ta lura dasashinsa ya yi ja yana zubar da jini, bakinsa na wari irin wanda ba ta saba ji ba, yawu na dalala, in ta kawo koko sai ya kau da kai. Sai kunci ya kumbura ya yi tauri. Sai wani baƙin tabo ya bayyana a waje. Cikin mako biyu naman wurin ya mutu ya zube, ya bar rami, ana hango haƙora da ƙashi daga waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, har 9 cikin 10 na irin waɗannan yara na iya rasuwa. Wanda ya rayu kuma, wani muƙamuƙinsa ya ɗaure ba ya iya buɗe baki, ya girma yana rufe fuska da mayafi, ba makaranta, ba wasa da sa'o'insa. Alhali a kwanakin farko, lokacin da abin bai wuce jan dasashi da wari ba, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita.

A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, inda ake yi wa yara da manya aikin gyaran fuska. A Damagaram ma akwai cibiyar da ke kula da su. Najeriya ce ta jagoranci neman a saka cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci, kuma a ranar 15 ga Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince. Ƙyanda na cikin manyan cututtukan da ke share wa noma hanya. Don haka likitan baki da ya taɓa ɗinke fuskar irin wannan yaro, wa ya fi shi cancantar ya yi wa iyaye maganar allurar ƙyanda? Wa za a fi gaskatawa?

Amma kada mu yi gaggawar cewa a kwafo dokar Oregon. Halinmu da nasu ba ɗaya ba ne. Su da yawansu sukan je wajen likitan haƙori duk wata shida don wanki da dubawa, lafiya lau, hankali kwance, akwai sararin hira. Mu kuwa sai haƙori ya hana barci. An danna kanumfari, an kurkure da gishiri da ruwan ɗumi, an sha na kemis har an gaji, kunci ya kumbura, sannan a nufi asibiti. Mutumin da ke riƙe da kumatu yana nishi, in ka ce masa ya kawo dantse, zai ce maka, Likita, haƙori ne ya kawo ni. Kuma yana da gaskiya. Ga shi likitocin haƙorin Najeriya 'yan dubbai ne ga mutum sama da miliyan 200, akasarinsu a manyan birane, musamman na kudu. Ga matsalar wuta, wadda firjin rigakafi ba ya yi mata uzuri. Ga kuma wani haɗari da nake hange. Alluran yara kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ranar da aka fara yin su a asibitin haƙori na kuɗi ana haɗawa cikin lissafi, an ba masu yaɗa jita-jita abin faɗa.

Jita-jitar nan kuwa tana da tushe, kada mu raina wa mutane hankali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Ba allurar rigakafi ba ce, amma tabon ya shafi komai. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa. Ba a dawo ba sai a 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, aka kuma ga shugabanni suna miƙa 'ya'yansu ana ɗiga musu a bainar jama'a. Sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka yi ta fama har Agustan 2020 da aka tabbatar an kawar da shan inna na asali daga nahiyar Afirka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har gobe za ka ji magidanci na tambaya, me ya sa maganin zazzaɓi sai na biya, wannan kuwa har gida ake biyo ni da shi kyauta? Tambaya ce da ta cancanci amsa, ba tsawa ba. Kuma abin da ya dawo da mutane a wancan lokaci shi ne jin magana daga bakin wanda suka sani. Yau Najeriya na da yara fiye da miliyan 2 da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba, tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan irinsu a duniya, kuma kaso mai yawa a arewa suke.

Saboda haka abin da nake nema daga likitan haƙorinmu ƙarami ne, kuma ba ya bukatar sabuwar doka ko firji. Idan uwa ta kawo yaro, bayan an gama abin da ya kawo su, ciwo ya lafa, ya tambaye ta, Maman yaro, ina katin rigakafinsa? An yi masa ta ƙyanda? Ƙanwarsa da ke bayanki fa? A manyan asibitocinmu sashen haƙori da sashen rigakafin yara a haraba ɗaya suke, tafiyar minti biyu ko uku. Sau nawa yaro ke shigowa ta wannan ƙofa ya fita ta waccan, da sauran allurai a kansa, ba wanda ya tambaya? Idan ta ce babansa ne bai yarda ba, kuma za ta faɗa, kada a yi mata faɗa, ba ita ke da wuƙa da nama ba. A ce mata ta gaishe shi, in ya samu hali ya zo. In ya zo, a ba shi kujera, a ce, Malam, ka ga dasashin yaron nan? Bari in gaya maka abin da nake tsoro. A bar shi ya yi tambayoyinsa duka, har da wadda ke nuna zargi. A gaya masa gaskiya cewa jikin yaro na iya yin zafi kwana ɗaya ko biyu bayan allura, wurin na iya kumbura, don kada ya gani daga baya ya ce an ɓoye masa.

Haka batun HPV. Tun ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta shigar da allurar cikin jerin rigakafinta, ga 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. A ƙiyasin 2020, mata kimanin 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a ƙasar nan, wajen 8,000 suka rasu. Da aka fara, mun ji irin maganganun da suka yi ta yawo a WhatsApp, cewa wai hana haihuwa ake nufi. Yarinyar da ke kan kujerar likitan haƙori tare da mahaifiyarta, ai dama ce a ce, Hajiya, allurar nan ba ta taɓa mahaifa da komai sai kariya, ƙasashe da dama sun fi shekara 15 suna yin ta, kuma waɗanda aka yi wa suna haihuwa lafiya.

Mu kuwa muna da wata fa'ida da Amurka ba ta da ita. A Najeriya hukuma ɗaya ce ke ba likitoci da likitocin haƙori lasisi, kuma ɗaliban haƙori tare suke zama aji da ɗaliban likitanci a shekarun farko, suna koyon sassan jiki da ƙwayoyin cuta da magunguna. Katangar da ta raba su a can, a nan gajera ce. Tsangayar koyar da aikin haƙori ta Jami'ar Bayero da ta Jami'ar Maiduguri na iya koya wa ɗalibansu yadda ake wannan hira tun suna makaranta, su gwada ta a kan juna kamar yadda suke gwada riƙe kayan aiki. Kuma kada a tsaya kan likitoci kaɗai. Jami'an kula da haƙori da ke wanke baki da zagaya makarantun firamare sun fi likitoci kusanci da yara.

Har wanzami ina sa shi cikin lissafi. A ƙauyuka da yawa shi ne mutum na farko da ke buɗe bakin jariri, shi ake kai wa haƙori in ya dami mutum. Ba na goyon bayan cire beli, domin yana jawo zubar jini, kuma aska ɗaya a kan mutum da yawa hanya ce ta ciwon hanta da sarƙewar haƙora. Amma mutanen gari sun yarda da shi, gidansu yake shiga ranar suna. Idan aka zaunar da shi aka nuna masa hoton dasashin da ke shirin zama noma, aka ce in ka ga wannan ka tura asibiti a ranar, in ka je suna kuma ka tambayi maigida ko an kai jaririn allurar haihuwa, na tabbata da yawansu za su karɓa, don su ma 'ya'yansu ne.

Ita allurar kanta a hannun likitan haƙori, lokacinta na iya zuwa, musamman ranar da annoba ta taso aka rasa hannu, kamar yadda aka gani da korona. A ranar, a tabbatar ya samu horo, akwai sanyi, akwai maganin gaggawa, an zaunar da wanda aka yi wa na minti 15 ana lura da shi, an kuma rubuta a katinsa da rajistar hukuma. Kafin wannan rana, ina kira ga Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko da shugabannin asibitocinmu su ƙara layi ɗaya a katin da ake cikewa a sashen haƙori ga duk yaron da bai kai shekara 15 ba: rigakafinsa ya cika, ko da saura? In da saura, a rubuta masa 'yar takarda zuwa sashen rigakafi kafin ya bar asibitin.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. A huta lafiya.